Wuƙar da Baffa Ya Zaɓa a Kasuwar Makarfi

Kwanakin baya wani mai babur ya buge rago a ƙofar gidanmu nan Ikara. Ina zaure ina tsince wake na ji ƙarar, na leƙa. Ragon yana kwance yana shure-shure, maza sun yi masa zobe, kowa na cewa a kawo wuƙa. Na ga hannaye suna shiga aljihu, amma abin da ke fitowa waya ce da makulli. Kafin a shiga cikin gida a lalubo ta yankan albasa, ragon ya miƙe ƙafafu. Mai shi ya tsaya yana kallon abin da ya yi wata da watanni yana kiwo ya zama mushe, aka ja shi bayan gari. Tun ranar hankalina ya koma wani ɗan ƙauye a kan hanyar Makarfi, inda rugarmu take, har na ari biro wurin jikata. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, sai da na haifi huɗu na koye shi, saboda haka a yi haƙuri da shi.

A zamanin da nake faɗa, Turawa suna nan, kayan kanti sun fara shigowa ƙauyuka daga Zariya. Namiji ba ya fita ba wuƙa, kuma ba don faɗa ba. Da ita yake fere rake, ya raba goro, ya feƙe alƙalami, ya cire ƙaya, ya yanke igiyar da ta shaƙe maraƙi. Babban dalilin kuwa shi ne dabba. In ta faɗi a daji rai na shirin fita, wanda ke kusa shi ke ambaton Allah ya yanka, kada abin da ya halatta ya tashi a banza. Da safe a rugarmu, kafin ka ji tsuwwar nono a ƙasan ƙwarya, sautin da ke fara tashe ka shi ne na ƙarfe a kan dutse, maza suna wasa wuƙaƙensu a bakin rijiya suna gaisawa. Irin ta damtse suke ɗaurawa, mai kuben fata da zobe, hannun riga ya rufe ta. Baffa, mahaifina, yakan ce ita da carbi ba ya sanin yana ɗauke da su sai ranar da ya manta ɗaya. Yanzu na daɗe ban ji sautin nan ba. Injin niƙa ke tashe mu.

Lokacin ina gida, na zo haihuwar fari daga gidan mijina can wajen Kudan, an gama wankan jego amma ba a mai da ni ba tukuna. Innata ta rasu tun ban isa aure ba, Goggo ƙanwar Baffa ita ta riƙe ni. Abin da Inna ta bar mini a duniya saniya ɗaya ce, ja mai farar ɗamara a ciki, muna kiranta Kyalla. Da ita za a kai ni ɗakina, nononta ne zai zama cefanena da suturar yarona, kuma a lokacin tana da ciki. Ban da wannan, in na kwantar da kaina a kwiɓinta ina tatsa, nakan ji kamar ban rabu da Inna ɗungurum ba. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

A shekarar Baffa ya fara ramewa. Damtsensa ya motse har zoben kuben yana zamowa gwiwar hannu, kuma hannunsa na dama ya soma wata 'yar rawa, musamman in ya riƙe abu mai nauyi. Ba ya son a lura, mu ma muka yi kamar ba mu lura ba. Da kaka ta ƙare yayana zai tafi kudu da yawancin garken, Baffa ya kwance wuƙar ya ɗaura masa, ya ce ai shi ne mai shiga daji. Kwana biyu na ga yana kai hannu damtse yana shafa wurin da babu komai. Ranar kasuwar Makarfi na ɗauki ƙwaryar nono, yarona a baya, shi kuma ya sa sandarsa a kafaɗa ya shige gaba.

Na sayar da nonon da wuri, na same shi tsugune gaban wani ɗan koli. Mutumin ya baza kayansa a kan buhu, allurai da kwalli da ashana da ƙananan madubai, a gefe kuma wuƙaƙe uku irin waɗanda ban taɓa gani ba. Ruwan wuƙar yana naɗewa ya shige cikin mariƙinta ya kwanta, ba ruwanta da kube. Sai da Baffa ya gama gaisuwa, har da tambayar hanya da yadda damina ta yi a garinsu, sannan ya ɗauki ta farko, babba mai mariƙin ƙaho. Ya jefa ta aljihun gaban riga ya miƙe tsaye, aljihun ya rinjaya har wuyan rigar ya karkace. Ya ciro ta ya ajiye. Ta biyu ta gwangwani ce mai jan fenti, ba ta da nauyi ko kaɗan, ɗan kolin yana ta yabonta. Baffa ya buɗe, ya kama tsinin ya girgiza, ruwan yana rawa a gindinsa kamar haƙorin da ke shirin fita. Ita ma ya ajiye. Ta ukun mariƙinta itace ne, ruwanta bai fi ɗan yatsana na tsakiya tsawo ba, ga tsini kamar ƙayar aduwa. Ya kai ta kusa da kunne ya buɗe, ta ce ƙas, ya rufe, ta ce ƙas. Ya aske gashin bayan hannunsa da ita, ya juya kaifin a rana yana neman inda ya karye bai samu ba. Ya sa a aljihu ya yi taku uku ya dawo, rigar ba ta san an sa mata komai ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya miƙo mini ta ƙahon da ta itacen, ya ce, "Uwata, in ke ce, wacce za ki ɗauka?"

Na ce ta itacen. Ba wani sani ne da ni ba, ta dai yi daidai da tafin hannuna, kuma na ga yadda ta ƙahon ta sa hannunsa rawa. Ya gyaɗa kai, suka yi ciniki, ya biya.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa hannun Baba Maƙeri. Mutumin ƙauyenmu ne, duk ranar kasuwa yakan kawo lauje da fartanya, kuma shi ya ƙera wa Baffa tsohuwar wuƙarsa. Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa, su biyun kuwa tun suna samari ba sa raga wa juna. Ya karɓi wuƙar ya buɗe, ya danna bayanta da babban yatsa, ta naɗe. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Fillo, wannan abar da ke durƙusawa tun ba a yi mata tsawa ba? Ranar da saniya ta faɗi maka a daji, yanka ta za ka yi da wannan ko susa?"

Baffa ya ce, "Taka ai nauyinta ya fi aikinta, kamar mai ita."

Aka yi dariya aka rabu. Ni ban yi ba sosai. A hanya ina bayansa ina kallon aljihun da ba ya nuna komai, maganar tana dawo mini.

Wata biyu wuƙar tana aikinta ba laifi. Yana fere mini rake da ita, yana gyara akaifa ranar Juma'a, yakan shafa wa gindinta man shanu da tsinke don kada ta yi tsatsa. Sai wata rana wani manomi a fadama ya aiko cewa ya haƙe dankalinsa, a kawo shanu su ci ganyen su bar masa taki, yadda aka saba. Tun da samari ba sa nan, ni da Baffa muka kora shanu biyar da suka rage. Fadamar da nisa, daga can ko hayaƙin ƙauye ba a hangowa. Rana ta ɗaga, ina zaune ƙarƙashin gwandar da ke bakin lambu ina ba yaro nono, sai na ga Kyalla ta daina ci. Ta miƙe wuya, ta buɗe baki, miyau na zuba kamar igiya. Tana tari ba abin da ke fitowa. Baffa ya shafa wuyanta daga sama zuwa ƙasa, hannunsa ya tsaya a wani ƙullutu. Dankali ne guda da ya tsere wa fartanya, ta haɗiye shi bai wuce ba.

Wanda bai yi kiwo ba bai san saurin abin nan ba. Saniya kullum cikin gyatsa take, in hanyar ta toshe iskar ba ta da mafita. Muna tsaye muna kallo kwiɓinta na hagu ya soma tasowa. Baffa ya gwada matso dankalin sama, yatsunsa suka kasa. Manomin ya zo ya gwada, ta fizge ta kusa taka shi, don ba ta yarda da kowa sai mu biyu. Kafin a jima cikin ya wuce ƙashin bayanta tudu, in ka buga sai ya amsa kamar ganga. Numfashinta ya koma gajere, ta ware ƙafafu, idanunta suka firfito. Manomin ya ce a yanka tun da sauran rai. Ya dubi damtsen Baffa, Baffa ya sa hannu a aljihu ya ciro abin da ke ciki. Wuyan saniya ba na kaza ba ne, sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyi a jan hannu ɗaya, wannan kuwa ko fatar ba za ta gama ratsawa ba. Manomin ya tattare rigarsa ya ruga ƙauye neman wuƙa. Dukanmu mun san tafiyar ta fi abin da ya rage wa Kyalla.

Na ji kunya ta kama ni a madadin Baffa, na kuma ji tawa, don ni na ce ta itacen. Shi bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon tsinin, sannan ya ce akwai abin da ya ga kakana ya yi sau biyu. Ana huda kwiɓin a fitar da iskar. Sau ɗaya saniyar ta tashi, sau ɗaya ta mutu a hannunsu. In muka jira, wataƙila wuƙa ta iso da sauran motsi a jikinta, a samu nama da fata. In muka huda ta faɗi, ungulu ne za su ci.

Ya ce, "Taki ce, Uwata. Ba zan zaɓar miki ba."

Na dubi Kyalla. Harshenta ya fara canza launi. Na ce a huda.

Sai ya miƙo mini wuƙar. Ya ce shi zai riƙe kan, don in ta kwanta ta hagu shi ke nan, kuma hannunsa ba zai sami wurin daidai ba. Ban taɓa jin ya ambaci hannun da bakinsa ba sai ranar. Mace a wurinmu ko kaza ba ta yankawa, sai ta nemi namiji. Na faɗa masa haka, ya ce wannan ba yanka ba ne. Na shimfiɗa zane a inuwa na kwantar da yaron, ya fasa kuka, ban waiwaya ba. Baffa ya sa na yanko sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, na fere bakinta. Ya sa yatsu biyu a hancin saniyar, ya kama ƙaho da ɗaya hannun, ya jingina kafaɗarsa da wuyanta yana yi mata magana da Fillanci a hankali. Daga can yake gaya mini inda zan auna: tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, faɗin tafin hannu ƙasa da gadon baya, inda ya fi tudu. In karkata tsinin ya dubi ƙafarta ta gaba ta dama.

Na yi bisimilla na danna. Fatar ta yi tauri fiye da yadda na zata. Kyalla ta zabura, tsinin ya zame, wuƙar ta naɗe a kan yatsuna. Ban ji zafi ba a lokacin, jini dai na gani yana bin gwiwar hannuna. Saniyar ta durƙusa da ƙafafun gaba, Baffa ya tafi tare da ita har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya yunƙura ya ɗago ta. Ina jin numfashinsa ya fi nata ƙara. Bai tambaye ni ciwon ba. Ya ce in kama wuƙar a wuya, inda take naɗewa, kada in riƙe mariƙin.

Na cire ɗankwalina na naɗe gindin ruwan da mariƙin wuri ɗaya, na ɗaure tam, na damƙe wurin da hannun hagu. Na kafa tsinin, na ɗaga tafin hannun dama na buga da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji ta shige. Iska ta fito da wani dogon huci da wari mai tsami, ta bugi fuskata. Baffa ya ce kada in zare, in murɗa kaɗan, in zura sandar gwandar ta gefen ruwan sannan in janye. Hannuna na santsi da jini, sau biyu sandar tana lanƙwashewa, a na uku ta shiga. Na riƙe ta da hannu biyu, tana busa kamar sarewar da ta fashe, ina jin cikin yana sauka a hankali ƙarƙashin hannuna. Kyalla ta ja numfashi mai tsawo. Sai a lokacin na ji kukan yarona, muryarsa har ta dushe.

Haka manomin ya same mu, Baba Maƙeri na biye da shi yana haki, riƙe da wuƙar yanka mai tsawon kamu. Na zaci zai yi tsiya, bai yi ba. Ya ajiye wuƙar a ƙasa, ya sa manyan yatsunsa na maƙera ƙarƙashin ƙullutun ya dinga turo shi sama kaɗan kaɗan, Baffa ya kama harshen ya zura hannu har gwiwa. Dankalin ya fito, bai fi dunƙulen hannuna ba. Baba Maƙeri ya duba hudar ya girgiza kai. Da Baffa yake magana, amma don in ji. Ya ce ƙazantar tumbi in ta zuba cikin ciki, kwana uku ne, saniya ta yi zazzaɓi ta ruɓe, lokacin kuwa ko an yanka naman ba ya ciwuwa. Yau tana da lafiyar nama. Baffa ya ce ba tasa ba ce. Suka juyo gare ni su uku, ina zaune a ƙasa yaro a ƙirji, Goggo ba ta kusa balle in dubi fuskarta. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a bar mini ita."

Ya ce to, Allah ya sa na fi su gaskiya. Amma ya ba Baffa aron wuƙar, ya ce ta kwana kusa da turke.

Mun iso gida a hankali, muna tsayawa tana hutawa. Goggo ta wanke mini yatsu biyu da ruwan zafi ta barbaɗa garin bagaruwa, aka yi wa Kyalla haka nan, aka shafe bakin hudar da man shanu saboda ƙuda. Baffa ya soke wuƙar aron a jikin danni, daidai kan turken. Ranar farko ba ta ci ba, ba ta sha ba. Rana ta biyu ta sha ruwan kanwa kaɗan, gefen ciwon ya kumbura ya yi zafi, da yamma kuma ta zubar da cikin. Ɗan maraƙi ne namiji, har ya yi gashi. Baffa ya ɗauke shi tun ban gama gani ba. Na lura duk sa'ad da ya wuce sai ya taɓa kunnenta ya taɓa hancinta, sannan idonsa ya kai kan danni. Ni kuma abu ɗaya nake jira. Saniyar da tumbinta ya mutu ba ta tuƙa. Nakan ajiye daka in je in tsuguna kusa da ita in kasa kunne, in dawo. Goggo ta ce in na ci gaba da haka nonona zai ɗauke, in rasa biyu.

A rana ta uku da hantsi ina wanke ƙwarya, Baffa yana zaune kan turmi a gefen turken, ya cire wuƙar daga danni ya ɗora a cinya. Tun safe Kyalla ke kwance ba ta ɗaga kai ba, ya riga ya aika a gaya wa maƙwabta maza su matso kusa. Na ajiye ƙwaryar na zo na tsaya a bayansa, don in za a yi, ban so a yi ba na nan. Can na ga wani abu ya taso ta wuyanta, daga ƙirji zuwa sama, ta hanyar nan da dankalin ya tsaya. Ta ɗan dakata. Sai muƙamuƙinta ya soma juyawa gefe, a hankali, da sautin nan mai laushi da na ji duk rayuwata ban taɓa saurara ba. Muka zuba mata ido har ta haɗiye, wani ya sake tasowa.

Baffa ya goge fuskarsa da hannun riga. Ya juya wuƙar ya miƙo mini ta wajen mariƙin.

Ya ce, "Uwata, goya yaron ki kai wa Maƙeri wuƙarsa. Ki ce na gode, ba ta yi aiki ba."